An ba ni aikin fentin sojoji 40, me zan fara daidaitawa?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara biyu ke nan ina yi wa 'yan ƙananan sojojina na wasan tebur na Warhammer 40,000 fenti don nishaɗi kawai. Jiya wani da muke wasa tare ya ce in yi masa rundunarsa, guda 40, zai biya ni. Ban taɓa yi wa wani ba. Me ya kamata mu daidaita kafin in karɓa, kuma wane fenti ne zai fi sauri?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam. Kafin alƙalami tukuna. Rabin kuɗin ya shiga hannunka kafin ka buɗe kwalba.

Hauwa: Ka kuma tambaye shi na tebur yake so ko na nuni. Na tebur daga nesa ake kallonsa, kala uku zuwa biyar da inuwa sun isa. Na nuni kuwa guda ɗaya sai ya cinye maka mako.

Baba Ɗanjuma: Nura ɗana, bari in ba ka labarin aikina na farko, don har yau idan na tuna raina ɓaci yake. Sojoji 60 aka kawo mini, na rezin, wato wani ruwan sinadari da ake zubawa a ma'ƙera ya daskare. Ni kuma na saba da na roba, ban san rezin yana zuwa da maiƙon da ake shafa wa ma'ƙerarsa don ya saɓule ba. Ban wanke ba, na fesa firaima, wato shafen farko da fenti ke kamawa a kai, na hau aiki. Sai da na gama 20 na ga fenti yana ɓarewa da farce kamar ɓawon albasa. Da na sa su a ruwa mai ɗumi da sabulu na goge da tsohon buroshin haƙori, da ban yi asarar mako biyu ba.

Na sake daga farko. Mai kaya ya ce ja yake so, na yi masa ja mai duhu, irin na busasshen jini. Da ya ga hoto ya ce shi mai haske yake nufi. Babu abin da muka rubuta, magana ce ta fatar baki, kowa yana ganin shi ne da gaskiya. Tun daga ranar ba na taɓa runduna sai na gama soja ɗaya cak har da gindinsa, na ɗauki hotonsa a hasken rana, mai kaya ya rubuto cewa ya amince.

Na ƙarshen shi ya fi ciwo. Ranar da zan fesa banish, wato shafen ƙarshe mai kare fenti, ana ruwa, iska duk laima. Ina fesawa sai sojojin suka yi fari fat kamar an barbaɗa musu toka. Allah ya taimaka wani ya ce in bi su da banish mai sheƙi da buroshi, yawancinsu suka dawo. Bayan duk wannan na jera su a kwali guda ba tsakani, suka isa da mashi bakwai a karye. Yanzu ko dai soso mai gurbi-gurbi, ko in manna maganaɗisu a ƙarƙashin kowanne in jera a kwanon ƙarfe. Ku kuma yi magana tun yanzu a kan wanda zai ɗauki asara idan abu ya karye a hanya.

Nura: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Baba. Nasa na roba ne, kuma hannu da hannu zan ba shi.

Malam Kabiru: To wa zai harhaɗa? Kankare layin ƙira da manna hannuwa aiki ne mai zaman kansa, kada ka yi shi kyauta. Idan kai za ka yi, gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin, yana narkar da fuskokin biyu su zama ɗaya. Supa gulu ka bar wa ƙarfe da rezin.

Hauwa: Batun sauri, fentin Contrast na Citadel. Tun da ya fito a 2019 na daina shafa uku-uku a kan sojojin sahu. Shafa ɗaya kan farin firaima, yana gangarawa cikin lunguna ya yi inuwa da kansa. Sai dai a wuri mai faɗi kamar jikin tanka yana taruwa ya yi dabbare-dabbare.

Sadik: Baƙin firaima ya fi. Duk lungun da buroshi bai kai ba sai ya zama inuwa, ba wanda zai gani.

Hauwa: Sadik, Contrast ba ya fitowa a kan baƙi, ai shara-shara ne.

Sadik: Ni ban ce ya yi da Contrast ba, Yaya Hauwa. Fentin Vallejo, a tsinka da ruwa, shafa biyu, a bi da Nuln Oil, baƙin ruwan fentin nan mai yin inuwa a lunguna. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru kafin wannan yayin ya zo, kuma wanda ya saba da gajeriyar hanya ba zai taɓa koyon haɗa kala ba.

Hauwa: Soja 40 za a yi wa, ba gasar fenti ta Golden Demon zai shiga ba.

Usman: Kun sake ɗauko ta ke nan? Watan jiya ma a kan wannan aka kwana.

Malam Kabiru: Ku haɗa biyun mana. A fesa baƙi ko'ina, sannan a fesa fari daga sama kaɗai, kamar rana ta tsaya tsaka. Kai da kafaɗu su yi haske, ƙasa ta zauna da duhunta, sai a zuba fenti mai shara-shara a kai. Wanda ba shi da abin feshi ya yi da busasshen buroshi, wato wanda aka goge yawancin fentin da ke jikinsa, toka-toka tukuna sannan fari.

Sadik: Wannan na yarda da shi, amma baƙin ne dai a ƙasa.

Usman: Tunda ana maganar buroshi, Winsor & Newton Series 7 ɗina bakinsa ya rabu biyu. Da gyara?

Baba Ɗanjuma: Fenti ne ya bushe a gindin gashin. Ka wanke da sabulun buroshi, ka murza bakin ya yi tsini, ka bar shi ya bushe haka. Kuma ka daina tsoma shi har wuya. Fentin azurfa da na zinariya suna cin gashi, ka ware musu buroshin roba.

Amina: Akwai mai yin sojojin wasan Bolt Action a nan? Kakin sojojin Birtaniya na yaƙin duniya na biyu nake nema, duk wanda na haɗa sai ya karkata kore.

Sadik: Fentin English Uniform na Vallejo, a bi da Agrax Earthshade, ruwan fentin inuwa mai launin ƙasa-ƙasa.

Nura: Na gode ƙwarai. Saura lokaci, mako nawa zan ce masa?

Hauwa: Ka yi guda biyar a jere kana duba agogo, ka ninka sau takwas, ka ƙara mako guda a kai. Goma-goma za ka riƙa yi, kala ɗaya ta zagaye su duka kafin ka buɗe wata.

Usman: Af, wanda ya ce a tuɓe tsohon fenti da ruwan goge farce, na gwada a soja ɗaya, fuskarsa ta narke.

Baba Ɗanjuma: Sinadarin asiton ne a ciki, na ƙarfe kaɗai ake sa wa. Na roba ka jiƙa shi a sifirit na isopropyl, ka goge da buroshin haƙori, kuma ka buɗe taga.