Neman kalmar Hausa: kundin jigo da bugun alfarma

Jama'a, ina neman shawararku a kan kalmomi biyu da suka tsaya mini a wuya lokacin da nake shirya bayani game da Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan rok ta Ingila, wadda kundinta mai suna The Dark Side of the Moon ya fito a watan Maris na 1973, aka kuma sake fitar da shi a cikin akwati na musamman a Maris na 2023 domin cikarsa shekara 50. Turawa suna kiran irin wannan aiki "concept album", sabon fitowar kuma "deluxe edition".

Na fara da "faifai", tunda da shi muka saba tun zamanin garmaho, amma sai na ga bai riƙe ma'anar ba. Akwatin 2023 yana ɗauke da faifan allura da CD da Blu-ray, kuma aikin da ke cikinsu guda ne. Faifai mazubi ne kawai. "Kundi" ya fi dacewa, domin kundin malami ma takardu ne da mutum ɗaya ya tara ya ɗaure wuri guda, kuma 'yan jarida sun riga sun saba cewa "kundin waƙoƙi".

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "concept". Wanda ya ɗora allura a kan wannan faifai zai fara jin bugun zuciya kafin kowane kiɗa, daga nan waƙoƙin su riƙa shiga cikin juna ba tare da tsayawa ba har sai an juya faifan, a ƙarshe kuma bugun zuciyar nan ya dawo ya rufe. A tsakani akwai ƙarar agogai masu yawa da ke buɗe waƙar da ta shafi shuɗewar lokaci, da ƙarar tsabar kuɗi da injin kanti a farkon wadda ta shafi dukiya. Waƙoƙi 10 ne, cikin minti 43 ko kusa da haka, Roger Waters, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar a lokacin, shi ya rubuta baitocin, kuma dukkansu suna kewaya abubuwan da ke danne ɗan Adam: lokaci, kwaɗayi, mutuwa da taɓin hankali.

Wani malamina ya ba da shawarar "kundin labari". Malam, da girmamawa, ban gamsu ba, domin a nan babu tauraro, babu farkon labari balle ƙarshensa. Sunan zai dace da wani kundin nasu, The Wall na 1979, wanda yake bin rayuwar mutum ɗaya, amma zai bar wannan a waje. Wani kuma ya kawo "bakandamiya", sai dai bakandamiya waƙa ce guda wadda mawaƙi yake nuna gwanintarsa a cikinta, kamar ta Shata, ba tarin waƙoƙi ba.

Kalmar da muke nema tana ajin adabi tun tuni, wato "jigo". Duk wanda ya karanci Imfiraji ta Aliyu Namangi ya san yadda waƙoƙi da dama suke ratayuwa a jikin manufa ɗaya. Saboda haka na tsaya a kan "kundi mai jigo guda", a taƙaice "kundin jigo". Wani zai ce ai kowace waƙa tana da jigo, kuma gaskiya ne, amma ba kowane kundi ne ke da shi ba.

Kalma ta biyu ba ta ba ni wahala sosai ba. "Sabon bugu" muna da shi daga harkar littattafai. "Na musamman" ya yi sanyi ga akwatin da aka zuba wa littafin hotuna mai kauri, da rikodin wasan da suka yi a Wembley da ke Landan a 1974, da sautin da injiniyan sauti James Guthrie ya sake tacewa. "Ƙasaita" kuwa ta sarauta ce. Na zaɓi "bugun alfarma", kamar yadda muke cewa motar alfarma, idan kuma ana son a nuna cewa na masu tarawa ne, sai a ƙara "na ajiya", domin matsayinsa ɗaya da tangaran ɗin jere a ɗakin amarya, wanda ba kullum ake cin abinci a ciki ba.

Jimlar da zan rubuta ke nan: "An fitar da bugun alfarma na shahararren kundin jigon Pink Floyd." Abin da nake roƙo daga masu aikin rediyo shi ne su furta ta da baki, su faɗa mini ko "kundin jigon" yana yi wa harshe nauyi a tsakiyar labarai.