Furen Yasmin da Iskar Hunturu: Abin da Kowannenmu Ya Gani

Mai tambaya, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina da furen yasmin mai farin fure da ƙamshi, irin wanda ake kira yasmin na Larabawa, a cikin tukunya biyu a bakin ƙofar ɗakina. Tun da hazo ya sauka a tsakiyar Disamba, gefen ganyen ya fara ƙonewa, kuma furen da ya ɗauko yana kakkaɓewa tun bai buɗe ba. Na ɗauka sanyi ne, sai na shigar da tukwanen ɗaki, amma abin ya ƙara muni. Ina roƙon wanda ya taɓa fuskantar haka ya faɗa mini yadda ya yi.

Wata Hajiya, Asawase: Wa alaikumus salam, 'yata. Fitar da su yau ɗin nan. Sanyin Kumasi bai kai ya kashe wannan fure ba, domin sai sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 yake fara jigata, mu kuwa ko a daren da muka fi rawar ɗari a Janairu ba mu kusantar nan. Abin da ke cin ganyenki bushewar iska ce da ƙura. Ni na koma da nawa jikin katangar da ke tare iskar arewa maso gabas, inda rana ke samunsu da hantsi, sannan na rufe bakin tukunyar da busasshiyar ciyawa domin ƙasar ta riƙe laima. Duk bayan kwana biyu, da sassafe, nakan wanke ganyen sama da ƙasa. In kin shafa yatsa za ki ga jar ƙurar da ta toshe shi.

Wani Malam, Nima, Accra: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ina so in ja kunne game da ban-ruwa, domin nan ne na yi asara. A bara, da na ga ganye yana yaushi, sai na riƙa zuba ruwa safe da yamma a cikin bokitin roba da ban huda gindinsa ba. Cikin mako uku ganyen ya koma rawaya, da na tumɓuke shukar kuwa na tarar saiwar ta yi baƙi tana wari. Mu da ke kusa da teku iskarmu ba ta bushewa kamar ta Kumasi, balle ta Tamale, saboda haka yanzu sai na tura yatsa cikin ƙasa na ji ta bushe kafin in ba da ruwa.

Wata 'yar'uwa, Hamburg, Jamus: Ni ce zan ba ku labarin sanyi na gaske. Na bar irin wannan yasmin a baranda dare ɗaya a watan Nuwamba, gari ya waye ganyen ya yi laushi kamar dafaffen alayyafo, bai kuma farfaɗo ba. Yanzu tun Oktoba nake shigar da shi jikin tagar da ta fi samun haske, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, in rage ruwa, in daina sa taki har sai Maris. Abin da ya ba ni mamaki shi ne akwai wani yasmin ɗan asalin ƙasar Sin, mai rawayan fure marar ƙamshi, wanda yake fure a jikin shinge cikin tsananin sanyi, rassansa ba ko ganye ɗaya.

Hajiyar Asawase: Na manta abu guda, 'yata. Duba bayan ganyen da kyau. In kin ga ɗigo-ɗigo da siririyar saƙa irin ta gizo-gizo, ƙananan ƙwari ne da ke yaɗuwa a busasshen yanayi. Ki jiƙa ɗan sabulun salo a ruwa ki fesa da yamma. Kada ki datse rassan yanzu, ki bari sai ƙarshen Fabrairu, gab da ruwan farko na Maris, domin a kan sabon toho yake yin fure.

Mai tambaya: Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na fitar da su, na kuma juya ganyen na ga saƙar a tukunya ɗaya, don haka na raba ta da 'yar'uwarta kafin in samo sabulun.