Muna son buɗe wajen gyara na unguwa

Baban Khalifa: Salam jama'a, akwai kangon shago a layinmu nan Kurna, muna so mu mai da shi inda kowa zai kawo fanka ko kujera mu gyara tare, yara ma su koyi sana'a. Ta ina za mu fara?

Maman Ilham: Ku fara ganin mai unguwa tukunna, kuma dan Allah a ware mana rana mu mata, keken ɗinkina wata 3 kenan yana tsinka zare.

Sani Walda: Yaya ku bar walda yanzu, ƙaramin janareta baya ɗauka. Ku yi karo-karo ku sayo sifana da filaya a Ƙofar Ruwa, amma a riƙa rubuta duk wanda ya ara, wallahi nawa haka suka salwanta.

Baban Khalifa: Allah ya saka, gobe zan sayo littafin.