Sararin samaniya: yana da iyaka ko babu?

Bashir: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana, sararin samaniya yana da iyaka. Shekarunsa biliyan 13.8 ne. Abin da ke da mafari, yaushe ya samu lokacin zama mara iyaka?

Hauwa: Malam Bashir, iyakar ganinmu daban, iyakarsa daban. Yankin da muke iya hangowa faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara biliyan 93, don sararin yana ta buɗewa tun sa'ad da hasken ya taso. Gaba da nan hasken ne bai iso mu ba tukuna. Kuma in mara iyaka ne, to haka yake tun farko, sai dai a cunkushe.

Usman: Bashir, a ce ka kai bakin iyakar, ka miƙa hannu. Ina zai shiga?

Bashir: Ai babu "waje" a can, balle hannu ya shiga. Tun ƙarni na 9 masanin falsafa Al-Kindi ya kafa hujja a Bagadaza cewa duk abin da ke da jiki dole girmansa ya ƙare.

Isa: Ku tsaya, kuna haɗa abu biyu. Tururuwa a kan ƙwallo za ta yi ta tafiya ba ta taɓa cin karo da baki ba, alhali girman ƙwallon sananne ne. Irin wannan rufaffen sarari Einstein ya zana a 1917. Abin dubawa shi ne, sararin a lanƙwashe yake ko a miƙe?

Hauwa: Yauwa Yaya Isa, ai an auna! Tauraron ɗan'adam na Planck, da Turai ta harba a 2009, ya nazarci hasken da ya fito shekara kusan 380,000 bayan farawar komai. Ba a ga lanƙwasa ba. Ni wannan ya sa na karkata ga rashin iyaka.

Isa: A hankali, ƙanwata. Kowane awo yana da ɗan kuskurensa. Ƙila lanƙwasar ta yi ƙanƙanta har ta ɓuya a cikinsa, saboda tsabar girman sararin. Sannan ko a miƙe yake, lissafi ya yarda ya naɗe a kan kansa, ka fita ta gaba ka ɓullo ta baya. An nemi alamar hakan a wancan hasken, ba a samu ba, amma rashin samu bai rufe maganar ba.

Bashir: Ke nan ba a kayar da ni ba.

Hauwa: Ba a kayar da kai ba, Malam, amma hujjar shekarun nan ka ajiye ta. Kawo wata.