Gawayin ɓawon kwakwa yana zubar da caji idan na ƙara masa lantarki

Assalamu alaikum. Ina haɗa sufakafasita (na'urar adana caji mai kama da batir, amma mai saurin ɗauka da saukewa) da gawayin ɓawon kwakwa, aikin ya tsaya mini cak.

Na ƙona ɓawon a digiri 500 na Celsius, na cuɗa gawayin da KOH (sinadarin potassium hydroxide mai buɗe ƙananan ramuka a jikin gawayi), gawayi kashi 1 ga KOH kashi 3, na sake gasawa a digiri 800 na awa 1 cikin iskar naitirojin. Na wanke da asid ɗin HCl da ruwa har pH (ma'aunin tsami) ya dawo 7. Kwaɓin kashi 80 gawayi ne, 10 baƙin kabon (mai taimaka wa lantarki wucewa), 10 PVDF (sinadarin da ke manne kwaɓin), a kan soson nikel, ruwan batirin kuma KOH mai kaurin 6M.

A 0.5 A/g (yawan lantarki ga kowane giram) ina samun kusan 210 F/g (ma'aunin iya riƙe caji ga kowane giram), wanda ba laifi. Da na kai 5 A/g sai ya faɗo ƙasa da 90, kuma ƙarfin lantarkin yana yin tsalle ƙasa da zarar an fara sauke caji. Awon BET (awon faɗin fuskar gawayin har cikin ramukansa) ya ba ni wajen 1,800 m²/g, amma kusan duk ramukan ba su kai nanomita 1 ba, kuma nan nake zargi.

Na ƙara baƙin kabon zuwa kashi 15, na danne soson da matsin 10 MPa, na jiƙa shi cikin ruwan batirin ya kwana. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Da na kai gashin digiri 900, gawayin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma yana ɓarewa daga jikin soson.

Don Allah, ta yaya zan buɗe ramukan su kai nanomita 2 zuwa 5 ba tare da gawayin ya cinye ba?