Wane lissafi ya kamata in iya kafin in fara fiziks?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Ina shirin fara karatun fiziks na matakin farko, amma na daɗe rabona da lissafi, kuma wasu sun ce mini idan ban iya kalkulas ba, wato lissafin yadda abubuwa suke canzawa, kada ma in soma. Shin haka abin yake, ko akwai abin da ya kamata in fara gyarawa kafin shi?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya fi kayar da ɗalibai a ajin farko ba kalkulas ba ne, aljabara ce, wato lissafin da ake yi da haruffa a madadin lambobi, musamman juya fomula domin fitar da abin da ake nema. Ga misali: nisan da dutse yake yi idan aka sake shi daga sama shi ne s = ½gt², inda s yake nufin nisa, t lokaci, g kuma, wato yadda gudun faɗuwar yake ƙaruwa, ya kai kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Idan aka ba da lokaci, kowa yana iya samun nisa, amma da zarar an ce dutsen ya faɗo daga tsayin mita 19.6, a nemo lokacin da ya ɗauka, sai ka ga alƙalami ya tsaya, alhali aikin bai wuce a ninka 19.6 da biyu, a raba da 9.8, a sami t² = 4 ba, wato sakan 2. Ɗalibin ya fahimci faɗuwar dutse sarai, hannunsa ne bai saba ba.

Bayan aljabara sai lissafin alwatika, domin ƙarfi da gudu suna da girma, suna kuma da alƙibla. Idan ka ja akwati da igiya da ƙarfin niyuton 10 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), igiyar kuma ta karkata sama da digiri 30, to niyuton 5 ne yake ɗaga akwatin, kimanin 8.7 kuma shi ne yake jan sa gaba. Wanda bai san sin da cos ba, wato ƙa'idojin da suke haɗa kusurwar alwatika da tsawon gefunanta, ba zai iya wannan rabon ba.

Injiniya:
Malam, na yarda da kai, sai dai bai kamata a mayar da kalkulas saniyar ware ba. Newton, wanda ya wallafa dokokin motsi a 1687, yana cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shi, ɗayan kuwa Leibniz ne, kuma gudu kansa ba wani abu ba ne illa yadda nisa yake canzawa da lokaci. Ya kamata mai tambaya ya duba manhajar darasinsa, domin wasu darussan an gina su ne a kan aljabara kaɗai, wasu kuma a kan kalkulas.

Malamin Kimiyya:
Gaskiya ne, Injiniya, amma ɗan kalkulas ɗin da ake bukata a farko ana iya koyon sa tare da fiziks ɗin, matuƙar aljabarar ta zauna. Ɗan'uwa, ka ƙara da sauya ma'auni har ya zame maka jiki, ta yadda idan ka ga kilomita 72 a awa za ka mayar da shi mita 20 a sakan ba tare da ka ɗauki kalkuleta ba.