Bas ɗina ya yi tauri da shigowar hunturu, amfilin da na haɗa kuma yana ƙugi

Mai bas, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da jitar bas mai tsirkiya huɗu, na hannu, wanda na sayo a Sabon Garin Kano da daminar da ta wuce. A lokacin, da na ɗora yatsa yake amsawa. Tun da hunturu ya kankama tsirkiyoyin suka tashi sama, sai na danna da ƙarfi, kafin in gama kiɗa biyu hannun hagu ya mutu, bakin ƙarafan da ke jere a wuyan bas, inda ake danna tsirkiya, kuma yana kartar mini tafi. Ga ta biyu: amfilin (akwatin ƙara sauti) da na haɗa da kaina a kan ƙwayar ƙara sauti ta TDA2030 yana wani ƙugi ko ban taɓa komai ba. Wata shida na yi ina tara kayansa, ba na son in watsar. Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ya gaya mini yadda ya fita.

Makaɗin biki, Ali Ɗan Sofo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka haɗa ciwon biyu, na katako dabam, na kuran dabam. Ni na katako zan yi magana, don shi ya ci mini bas guda.

Iskar hunturu tana tsotse danshin allon da kake dannawa, sai ya tsuke, wuyan ya lanƙwaso gaba kamar baka. Ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da katako, shi ya sa bakinsa ya leƙo yana kartarka. A hunturuna na farko na samo kile alen, na murɗa ƙarfen cikin wuya, wanda ke miƙe shi, zagaye biyu a zama ɗaya. Na ji ƙas, shi ke nan, ƙarfen bai sake kamawa ba. Har yau bas ɗin na rataye a ɗaki, kuma duk na dube shi raina yana ɓaci.

Yanzu ba na murɗa komai sai na auna. Ka daidaita sautin tsirkiyoyi tukuna. Wani ya danna maka tsirkiyar Mi, wato mafi kauri, a ƙarfe na 1, kai ka danna ta a inda wuya ya haɗu da gangar jiki, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 8. Abin da ake so kusan milimita 0.3 ne, kamar kaurin katin kiredin waya. In ta fi haka, sassauta tsirkiyoyi, ka murɗa ƙarfen cikin wuya zuwa dama rubu'in zagaye kaɗai, ka sake daidaitawa, ka bar shi ya kwana. Katako ba ya son gaggawa. In ka ji ƙarfen ya turje, ka tsaya nan. Sai wuya ya zauna sannan ka taɓa jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki: ni tazarar Mi kusan milimita 2.5 ce a ƙarfe na 12, ta Sol, mafi siranta, kuma 2. Kuma ka sani, in ruwa ya sauka a Yuli wuyan zai koma baya, tsirkiya ta fara ziza a kan ƙarafa, sai ka mayar da abin da ka murɗa. Sau biyu a shekara nake wannan aikin.

Tsohon mai gyaran rediyo, bakin babbar kasuwa:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka zauna ka haɗa abu da hannunka. Ƙugin nan na yi shekaru ina farautarsa a rediyo da kaset.

Zare wayar bas daga amfilin, ka rage murya har ƙasa. In ƙugin na nan, laifin yana cikin akwatinka. Sannan ka yi aiki da kunnenka na makaɗi. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, yana kaɗawa sau 50 a sakan. Sautin da kake samu in ka danna tsirkiyar Mi a ƙarfe na 3 yana kaɗawa sau 49, wato kusan ɗaya suke. In ƙugin ya yi daidai da wannan, taransifo ne ya matso kusa da wayar shiga, ko kuwa wayoyin mas ɗinka, wato na sifili da kuran ke komowa ta cikinsu, sun warwatse. In ya yi daidai da tsirkiyar Sol a sake, wadda ke kaɗawa sau 98, to na 100 ne, kondansatar tace kuran ce ta yi ƙaranci ko ta bushe. Ni mai mikrofarad 4700 nake sawa a kowane ɓangare, kuma ba na ciro ta daga tsohon kaya, zafin garin nan yana busar da su.

Duk wayoyin mas su haɗu a wuri ɗaya, kusa da manyan kondansatoci. Na taɓa kwana uku a kan wani amfili, na canja kusan komai, ashe waya ɗaya ce na liƙa a jikin akwati nesa da 'yan uwanta.

Taransifo mai bolt nawa ka sa? Kuran in an miƙar da shi yana ƙaruwa kusan kashi 40 cikin 100. Mai 12-0-12 zai ba ka wajen 17 a kowane gefe, TDA2030 kuwa iyakarta 18. Mai 15 zai ƙone ta. Ka ba ta babban ƙarfen sanyaya, don Afrilu na tafe da zafin da ya haura 40. Kuma in ka kashe, kada ka sa hannu nan take, kondansata tana riƙe wuta.

'Yar ƙungiyar mawaƙa, Sabon Gari:
Baba ya gama magana a kan akwati. Nawa ƙugin a cikin bas ɗin yake. Irin Jazz ne, samfurin da Fender ya fito da shi a 1960, mai mikro biyu, wato masu ɗauko sautin tsirkiya. In na buɗe guda kaɗai sai ya kwaso ƙugi, in na buɗe duka biyun daidai sai su kashe wa juna shi. Irin Precision mai mikro rabe biyu ba shi da wannan damuwa sosai. Na buɗe ramin da maɓallai suke, na shimfiɗa takardar alminiyom, na ɗaure ta da mas da ƙusa mai murɗi, tunda dalma ba ta kama alminiyom. Zizar ta ragu ƙwarai.

Amma abin da ya sa na yi rubutu shi ne wannan, Yaya. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da mas ɗin amfili ta ƙarƙashin jaki. Gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa. Wata rana hannuna na kan tsirkiya, leɓena ya taɓa makirfo, kuran ya fizge ni har na saki bas. Ba abin wasa ba ne. Tun ranar na koma batirin sola mai bolt 12 da ƙaramin allon amfili na TPA3116, na haɗa masa matakin farko na ƙara sauti da ƙwayar TL072. Ba zafi, ba ƙugi, kuma ko an ɗauke kuran muna ci gaba da gwaji.

Tsohon mai gyaran rediyo:
'Yata, a kan tsaro kin fi ni gaskiya. Sai dai allon nan a haɗe ake sayensa, yaro ba ya koyon komai a cikinsa. Ya gyara nasa tukuna, ya kafa wayar ƙasa ta gaske, ya sa fiyus.

Ɗalibi daga Tasawa:
Ni bafil na yaga. Na ɗora lasifikar rediyon mota a fili ba akwati, na buga Mi a sake, wadda ke kaɗawa sau 41 kawai, takardar ta yi ta tsalle har ta tsage. Kafinta ya yi mini akwati rufaffe da katako mai kauri, muka toshe kowace kafa da gam. Tsirkiya kuma, tunda sai an aika Kano ko Yamai, ina dafa tsofaffin a ruwa minti 10, in shanya su bushe sarai. Muryar tana dawowa na ɗan lokaci.

Mai bas, unguwar Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Na auna, tazarar ta kai kaurin kati uku. Rubu'i ɗaya ranar Talata, wani ranar Laraba, jiya na sauke jaki, hannuna ya huta. Na bi bakin ƙarafan da ƙaramin zarto a hankali, bayan na rufe katakon da salatif.

Baba, ƙugin da tsirkiyar Sol ya yi daidai. Kondansatocina 1000 ne, kuma daga tsohuwar talabijin na ciro su. Na sa sababbi na 4700, na tattara mas wuri ɗaya, yanzu sai na kai kunne jikin bafil nake jin ɗan saura. Taransifon 12-0-12 ne. Wayar ƙasa ce ban kafa ba tukuna, don haka ban sake haɗa shi da makirfo ba. In kana shago ranar Asabar bayan la'asar zan kawo akwatin ka duba mini liƙin, ka kuma nuna mini irin sandar da ake kafawa.